Ciwon Firgita Bayan Yaƙi: Darasi ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, saboda su a kan fara kai wa kuka tun magana ba ta kai ga likita ko alƙali ba. Da wuya a sami gundumar da babu tsohon soja a cikinta. Waɗansu sun komo da tabo a jiki, kowa ya gani ya yi musu sannu. Waɗansu kuwa sun komo jiki garau, amma da rauni a zuci, wanda ba ya bayyana sai ta rashin barci, da firgita, da saurin fushi, da gudun mutane. A kan waɗannan za mu yi bayani: asalin ciwon, da alamunsa, da maganinsa, da abin da ya wajaba a kan hakimi in an kawo masa irin wannan magana.

1. Inda sojanmu suka yi yaƙi

Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan Nijeriya suka yi faɗa da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka kai su Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mutanenmu suka fi sani da Yaƙin Hitila, sun kara da Italiyawa. A farkon 1941 suka shiga Mogadishu, suka nausa har Harar ta ƙasar Habasha. Bayan wannan aka haɗa runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya cikin 1943 da 1944 domin yaƙi da Japanawa a ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar. Sun yi fama a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, cikin ƙungurmin daji da ruwan sama da zazzaɓi, kaya bisa kai, abinci kuwa sai jirgin sama ya jefo. Cikin watan Janairu 1945 suka ci garin Myohaung. Har yau akwai barikokin soja masu sunayen wannan yaƙi, kamar barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna.

Bayan samun mulkin kai sojanmu sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai Darfur ta ƙasar Sudan. Tun daga 2009 kuma ga faɗan Arewa maso Gabas. Ashe ke nan babu wani zamani cikin shekaru fiye da 100 da suka wuce wanda garuruwanmu ba su karɓi mutanen da suka komo daga bakin daga ba.

2. Yadda likitoci suka gane ciwon

A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitocin sojan Ingila suka riƙa ganin mutane suna makyarkyata, waɗansu sun bebance, waɗansu ƙafa ta ƙi tafiya, alhali harsashi bai taɓa su ba. A 1915 wani likita mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan al'amarin, da sunan da ma'anarsa ita ce gigitar harsashin igwa, domin da farko an zaci ƙarar fashewar igwa ce ta ke girgiza ƙwaƙwalwa. Daga baya aka ga ciwon yana kama har wanda igwa ba ta fashe kusa da shi ba. An ƙiyasta sojan Ingila wajen 80,000 ne aka duba saboda wannan ciwo kafin yaƙin ya ƙare.

Hafsoshi da yawa a lokacin sun ɗauki abin ragwanci ne. An harbe soja 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifin gudun yaƙi da tsoro da makamantansu, ana kuwa kyautata zaton waɗansunsu marasa lafiya ne. Sai a 2006 Gwamnatin Ingila ta yi musu afuwa, bayan an kusa cika shekara 90 da mutuwarsu. Wannan abin lura ne ga duk mai yanke hukunci a kan mutane.

A wannan zamani ne kuma wani likita, W. H. R. Rivers, wanda ya yi aiki a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh, ya lura cewa danne abin da a ka gani a yaƙi yana ƙara tsananta mugayen mafarkai, amma in mutum ya faɗe shi a hankali gaban wanda ya san aikin, sai ya sami sauƙi.

Bayan yaƙin Amurka a Vietnam aka sake nazarin al'amarin sosai. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta na cututtuka, da sunan da a ke taƙaitawa da haruffa huɗu, PTSD, watau ciwon damuwa da ke biyo bayan mummunan bala'i. Wani babban bincike da aka kammala a 1988 ya nuna wajen kashi 30 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙin Vietnam ciwon ya taɓa kama su, kashi 15 kuma suna tare da shi har lokacin binciken. Da aka sake auna lissafin a 2006 da ma'auni mai tsanani, sai aka sami wajen kashi 19 da kashi 9. Kowane lissafi aka bi, darasin ɗaya ne. Yawancin soja suna komowa su ci gaba da zamansu lafiya, amma waɗanda ciwon ya kama suna da yawa, yana kuma iya zama da mutum shekara da shekaru.

3. Yadda ciwon ya ke aiki a jiki

Allah ya halicci ɗan Adam da wani sashe cikin ƙwaƙwalwa mai aikin tsaro, kamar mai gadin ƙofar gari. Da ya hango haɗari sai ya yi kururuwa, jiki ya saki waɗansu sinadarai cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya shirya faɗa ko gudu. A fagen fama wannan shi ke tsirar da rai. Sojan da ya shekara yana kwana da takalmi, yana sauraron motsin kowane ganye saboda kwanton ɓauna, yana duban ƙasa saboda nakiya, jikinsa ya koyi wannan hali ya riƙe.

Ga yawancin mutane, in haɗari ya wuce mai gadin nan ya kan kwanta cikin 'yan makonni. Ga mai wannan ciwo kuwa ba ya kwantawa. Abin da ya faru ba ya zama labarin da ya wuce. Ƙara, ko wari, ko wata kama, sai ta komo da shi sabo fil, kamar yanzu a ke yinsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin ya san tsumma ne, amma jikinsa ya riga hankalinsa tashi.

Abubuwan da su kan sa ciwon ya fi kama mutum su ne daɗewa a bakin daga ba hutu, da ganin mutuwar aboki na kusa, da samun rauni, da zama fursunan yaƙi, da aikata wani abu ko kasa hana shi wanda zuciya ba ta yafe wa kanta ba. Bayan komowa kuma, rashin sana'a da rashin masu jan mutum a jiki suna ƙara masa nauyi. Wannan na ƙarshe shi ne wanda hakimi ya ke da hannu a cikinsa.

4. Alamun da za a lura da su

Alamun sun kasu kashi huɗu.

Na farko, komowar abin da ya faru. Mutum ya yi mugun mafarki ya farka da ihu, gumi sharkaf. Ko da rana tsaka salansar babur ta yi ƙara, ya faɗi ƙasa yana neman mafaka. Ko warin ƙonannen nama ya sa shi amai.

Na biyu, gudun duk abin da zai tuna masa. Ba ya son a yi masa zancen yaƙi, ba ya shiga kasuwa ko taron biki, ya kan canja hanya don kada ya bi ta shingen soja.

Na uku, zama cikin shiri kullum. Ba ya barci sai kaɗan, ya kan tashi da dare yana zaga gida, ba ya zama sai bayansa na jingine da bango yana fuskantar ƙofa. Abu kaɗan ya fusata shi, daga baya ya yi nadama.

Na huɗu, canjin hali. Wanda a da mai fara'a ne ya zama shiru-shiru, ba ya jin daɗin wasa da 'ya'yansa, yana zargin kansa da mutuwar abokansa, ba ya amince wa kowa.

Kusan duk wanda ya fito daga yaƙi zai sami waɗansu daga cikin waɗannan a makonnin farko, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Likitoci suna kiransa ciwo in alamun sun wuce wata guda, suna kuma hana mutum aikinsa ko zaman iyalinsa. A sani kuma wani lokaci ba su fitowa sai bayan watanni ko shekaru, misali sa'ad da mutum ya bar aiki, ko wani nasa ya rasu.

Sau da yawa ciwon ya kan zo da abokan tafiya, watau baƙin ciki mai tsanani, da shan giya ko wiwi ko ƙwayoyi irin su taramol domin neman barci. Haka kuma wanda bam ya fashe kusa da shi yana iya samun rauni a ƙwaƙwalwa ko kurumta, abin da ke kawo mantuwa da ciwon kai da fushi. Rarrabe waɗannan aikin likita ne.

5. Kurakuran da jama'a su kan yi

Kuskure na farko shi ne a ce ragwanci ne. Ciwon ya kan kama kurtu, ya kan kama samanja mai lambobin yabo a ƙirji. Na biyu shi ne a ce mutumin ya haukace. Mai wannan ciwo ya san kansa, ya san iyalinsa, yana iya riƙe sana'a da dukiya. Na uku shi ne a ɗauka kowane tsohon soja abin tsoro ne. Yawancinsu ba su cutar da kowa, wahalar a kansu ta ke ƙarewa. Na huɗu shi ne a sa masa mari, ko a kulle shi a ɗaki, ko a yi masa duka da sunan magani. Mutumin da tsoro ne asalin ciwonsa, ɗauri da duka ƙara masa su ke yi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai irin wannan lalura haƙƙinsa na a kula da shi cikin mutunci.

Addu'a da nasihar malamai suna sanyaya zuciya, suna ƙarfafa haƙuri, ba a kuwa hana kowa su. Abin da a ke roƙo shi ne kada su sa a jinkirta zuwa asibiti. A haɗa biyun.

6. Magani

Ciwon yana da magani, mutane da yawa kuma sun warke. Babban maganinsa shi ne zama da likitan halayyar ɗan Adam, galibi sau ɗaya a mako har wajen wata uku. A nan a ke bi da mutum sannu a hankali ya faɗi abin da ya faru, a gyara masa tunanin da ke cinsa, kamar zargin kai, a kuma koya masa komawa wuraren da ya ke gudu, mataki bayan mataki, har jiki ya gane haɗari ya wuce. Akwai kuma ƙwayoyin asibiti da ke rage damuwa da baƙin ciki. Ba su aiki rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha, ba a kuma barinsu sai da izinin likita. A guji sayen ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, domin tana kama jiki, ba ta kuwa kawar da ciwon.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan aiki. Soja suna da nasu asibitoci, kamar Asibitin Soja na 44 a Kaduna. Wanda ke nesa ya fara da asibitin da ke kusa da shi, su za su ba shi takardar zuwa gaba.

Ƙasarmu tana da abin koyi a nan. A 1944 aka buɗe wani gida a Lantoro, cikin Abeokuta, domin masu taɓin hankali, har da sojan da aka komo da su daga yaƙi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai a saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su je asibiti, da yamma su komo cikin jama'a. Wannan tsari ya yi suna a duniya, ya kuma nuna zama cikin mutane wani sashe ne na magani.

7. Abin da ya wajaba a kan hakimi

(a) Ya san tsoffin sojan da ke ƙasarsa. Ya umurci dagatai da masu unguwa su sanar da shi in wani ya komo, ya kira shi ya yi masa barka da zuwa. Ya haɗa kai da shugabannin ƙungiyar 'yan mazan jiya na yankinsa, domin soja ya fi sakin jiki da wanda ya sha irin wuyar da ya sha.

(b) In mace ta kawo ƙarar mijinta tsohon soja, cewa ba ya barci, ko ya daina magana, ko fushinsa ya yi yawa, kada a sallame ta da "je ki yi haƙuri" kaɗai. A tambaya yaushe abin ya fara, yaya halinsa ya ke kafin ya tafi. In akwai duka, tilas a fara tsare lafiyarta da ta yara, ko da za su koma gidan iyayenta har a ga hali. Ciwo yana bayyana dalili, amma ba ya halatta cutarwa.

(c) A yi magana da mutumin a keɓe, ba a tsakiyar fada ba. Kada a matsa masa ya ba da labarin yaƙi, kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. Ya isa a ce masa, "An ce barci yana yi maka wuya. Wannan abu sananne ne ga waɗanda suka je inda ka je, likita kuwa yana da maganinsa." A tuna masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

(d) In ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, wannan maganar gaggawa ce. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da makami da igiya da maganin ƙwari daga inda ya ke, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar mutum a fili ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe ƙofar taimako.

(e) In an sami labarin yana ajiye da bindiga ko harsashi ba bisa ƙa'ida ba, a sanar da hukuma cikin hikima, ba da tozartawa ba.

(f) A taimake shi ya sami abin yi, ko gona, ko rumfa a kasuwa, ko wani aikin gayya da za a ba shi jagoranci. Zaman banza yana ciyar da wannan ciwo.

(g) Gabanin hawan salla ko wani biki da 'yan bindiga za su yi harbi, a aika a gaya masa lokaci da wuri. Ƙarar da mutum ya san tana zuwa ba ta firgita shi kamar wadda ta zo ba zato.

A lura kuma ciwon bai tsaya ga soja kaɗai ba. 'Yan sanda, da 'yan sa-kai, da matan da aka kashe mazansu a gabansu, da waɗanda aka sace aka sako, da yaran da suka gudo daga garuruwan da aka ƙone, duk yana iya kama su. Abin da aka faɗa a nan ya shafe su.

8. Aikin magatakarda

In za a aika da mutum asibiti, magatakarda ya rubuta takarda gajeriya wadda za ta taimaki likita. Ya sa sunan mutumin da shekarunsa, da inda ya yi yaƙi da shekarun da ya yi a can, da ko ya sami rauni, musamman a ka. Ya rubuta abin da a ka gani da ido: dare nawa ba ya barci, yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, me ya ke sha. Kada ya rubuta "mahaukaci ne", kada kuma ya sa wa ciwon suna da kansa. A rufe takardar a ba ɗan'uwan da zai raka shi.

Asirin mara lafiya amana ne. Kada a bar irin waɗannan takardu bisa tebur, kada a yi hirarsu a majalisa. Magana guda da ta fita tana iya hana 'yar mutum aure, ta kuma hana goma irinsa zuwa neman taimako. Har wa yau magatakarda ya taimaki tsohon soja da iyalinsa wajen tsara takardun sallama da na fansho, domin zirga-zirgar neman haƙƙi tana cikin abin da ke ƙona musu zuciya.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ya dace hakimi ya riƙi wannan rana ta zama lokacin da zai bincika halin waɗanda ke raye a ƙasarsa, ya san wa ke da lafiya, wa ke bukatar a kai shi ga likita.

Tambayoyi domin bita

1. Faɗi kashi huɗu na alamun wannan ciwo, da misali guda ga kowane.
2. Bayan wane tsawon lokaci ya kamata a nemi likita?
3. Me za ka yi in tsohon soja ya ce maka ya gaji da duniya?
4. Waɗanne abubuwa za a sa cikin takardar zuwa asibiti, wanne ne kuma ba za a sa ba?
5. Wane asibiti ne mafi kusa da gundumarka da ke duba masu wannan lalura, ta wace hanya kuma za a kai mutum can?